Mamman Shata da 'yan kalangunsa: shekara hamsin suna riƙe da kunnen Arewa

Yau dai sai ku yi mani haƙuri, babu labarin sabon fim, babu na jarumar da ta yi aure ko wadda ta fito. Baya za mu koma, zamanin iyaye da kakanni, kuma wata gardama ce ta jawo.

Ranar wata Juma'a da la'asar ina zaune a dakalin ƙofar gidanmu nan Gobarau, inda in ka ɗaga kai kana hango hasumiya, sai ƙanena da ya dawo hutu daga jami'a ya zo ya zauna kusa da ni ya duƙufa a kan waya. Na leƙa, na ga wasu Turawa huɗu masu gashi buzu-buzu suna ta kaɗa jita a cikin wani ɗaki. Ya gaya mani Beatles ke nan, 'yan garin Liverpool na Ingila, kuma abin da yake kallo fim ɗin tarihinsu ne mai suna Get Back da ya fito a 2021, kusan awa takwas. Ya jero mani sunayensu ba ko gargada: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr. Ya ce sun kafu a 1960, sun watse a 1970, amma har yau mawaƙan duniya na ɗiba daga rijiyarsu. Har nan ban tanka ba, don gaskiya ya faɗa. Inda ya taɓa ni shi ne da ya ce mu Hausawa ba mu taɓa yin wata ƙungiyar kiɗa da ta shiga rayuwar mutane irin haka ba.

Yaron da aka yanke wa cibi a Katsina fa! Na tambaye shi ko ya san Shata. Ya ce ya dai san sunan, wai tsohon nan da direbobi ke sa waƙarsa a tasha. Wallahi abin ya tsaya mani a rai, don na san ba shi kaɗai ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, saboda shi da sa'o'insa.

Ɗan Musawa mai rabar da riba

Sunansa na yanka Muhammadu. An haife shi a Musawa, ƙasar Katsina, kuma mafi yawan waɗanda suka rubuta tarihinsa sun tsaya a kan 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa Lariya. Abu na farko da ya kamata ku riƙe shi ne gidansu ba gidan makaɗa ba ne. A wancan zamani kiɗa gado ne kamar ƙira da jima da fawa, kuma ana lissafa shi cikin roƙo. Ɗan gidan da ba su gaji roƙo ba in ya ce zai yi waƙa, to ya jawo wa dangi abin magana. Mahaifinsa bai so ba ko kaɗan. Ya sa shi makarantar allo kamar kowane yaro, ya kuma nema mashi sana'a.

An ba shi tallan goro, daga baya ya koma alewa. Sai dai yaron ba ɗan kasuwa ba ne. Labarin da ya shahara a kansa shi ne yakan sayar da kaya, sannan ya rabar da kuɗin ga mutane a hanya, ya dawo gida hannu rabbana. Wani ɗan uwansu da ake kira Baba Salamu shi ya laƙaba mashi sunan Shata, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Wannan hali na sakin hannu bai rabu da shi ba har ya tsufa. Abin da ya shigo ta dama yakan fita ta hagu.

Inda zuciyarsa take shi ne dandali. Da dare ya yi, samari da 'yan mata sun taru, mai kalangu ya saƙala gangarsa, nan Mamman yake fito da abin da Allah ya ba shi. Yana kallon mutum zai ƙulla mashi waƙa nan take, da sunansa da na garinsu da halinsa. Babu takarda, babu bita. Wannan baiwa ita ce jarinsa tun daga dandalin Musawa har zuwa manyan ɗakunan taro na ƙasashen waje.

Daga Bakori zuwa Bikin 'Yan Sarki

Da abin ya fi ƙarfin ƙauye sai ya bar Musawa ya koma Bakori, inda ya samu inuwa wajen Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can, wajen sayen auduga da gyaɗa. A Bakori ya yi aurensa na fari, daga nan kuma ya fara ɗaukar makaɗansa suna zaga garuruwa, su zo nan Katsina, su leƙa Kano.

Shekarar 1952 ita ce ta buɗe mashi ƙofa. A wannan shekara aka yi wani gagarumin biki a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan sarauta da dama suka yi aure a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wurin, ya fito da suna. Ku tuna, a wannan lokaci 'yan Beatles duk yara ne 'yan makaranta.

A 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai, shekarar da su Lennon suka fara amsa sunan Beatles, Shata ya tare a Funtuwa. Wanda ya san Funtuwa ya san dalili. Gari ne na auduga, ga tashar jirgin ƙasa, ga mararrabar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina. Direbobi, 'yan kamasho, fatake, ma'aikata, masu tuwo-tuwo, kowa na ratsawa ta nan da kuɗi a aljihu da labari a baki. Mawaƙin da ke neman jama'a ba zai samu wurin da ya fi wannan ba. Nan ya zauna kusan shekara arba'in har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake rabin rayuwar a kan hanya ya yi ta, kuma Kano ta zame mashi gida na biyu.

Yadda ƙungiyar take aiki

Nan ne nake son masu son kiɗa su buɗe kunne. Muna cewa Shata, Shata, kamar mutum ɗaya ne. Alhali duk inda ka ji muryarsa, akwai tawaga a bayansa: masu kalangu, mai ƙaramar gangar da ke riƙe awo, 'yan amshi, da sanƙira mai shela. In ka cire su, kamar ka cire jita da ganga ne daga Beatles ka bar mutum ɗaya yana rerawa.

Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu, fata a baki biyu, an ɗaure su da tsarkiya daga wannan baki zuwa wancan. Makaɗi yana saƙala ta a hammata, yana bugu da ɗan sanda mai lanƙwasa. In ya matse tsarkiya fatar ta ɗame, sauti ya yi sama. In ya saki, sauti ya sauka. To Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu ke iya magana. Gwanin makaɗi zai kira sunanka da ganga, ka kuwa waiwaya. A al'ada kalangu kiɗan mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata a dandali. Fada tana da nata kayan: kotso, taushi, jauje, tambari, algaita, kakaki. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso suka yi suna, mu nan kuma muna da Sarkin Taushin Katsina. Shata ya ɗauko gangar talakawa ya shiga da ita zauren sarakuna, aka kuma saurare shi.

Ginin waƙarsa da sauƙin ganewa, amma yin sa da wuya. Zai kafa amshi guda, gajere, 'yan amshi su riƙe shi daram suna maimaitawa. Shi kuma a tsakanin amshi da amshi yana da fili, ya zuba ɗiya yadda ya ga dama. Ya yi yabo, ya ba da labarin tafiya, ya jefa karin magana, ya soki wani, ya dawo. Masu kalangu ba su san abin da zai faɗa ba, don shi ma sai a lokacin yake zo mashi. Aikinsu su karanci numfashinsa, su san inda zai tsaya, su cike gurbin, su ɗaga in ya ɗaga. In wani babban mutum ya shigo fili ana tsakiyar waƙa, sanƙira ya yi shelar sunansa da kyautar da ya bayar, sai ka ji Shata ya saƙa shi a cikin waƙar kamar dama da shi aka tsara ta.

Shi ya sa waƙa ɗaya ta Shata ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Ka ɗauki Bakandamiyarsa, wadda yake wasa kansa a ciki. Wadda aka ɗauka a gidan rediyo daban, wadda ya yi a wani biki daban, amshin ne kawai ya haɗa su. Yau mawaƙi zai shiga situdiyo ya rera layi ɗaya sau ashirin, a yanka, a manna, a gyara murya da kwamfuta. Su Shata a tsaye suke yi, a gaban jama'a, sa'o'i, kuma in ka yi kuskure kowa ya ji.

Wa ya yi wa waƙa?

Makaɗin fada yana da ubangida guda, shi yake wa waƙa, shi ke ci da shi. Shata bai ɗaure kansa a ƙofa ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna, kuma kowa ya san kusancinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ya yi wa 'ya'yan sarauta, kamar waƙar Kilishi Jikar Dikko da mu Katsinawa muke ji da ita. Ya yi wa attajirai da 'yan boko. Amma ku duba sauran jerin: Bawa Direba, Hauwa Mai Tuwo, Hassan Sarkin Dogarai, Sarkin Bori Sule, Indon Musawa, Mammada Ɗan Sambo, Ummaru Ɗanɗanduna na Gwandu. Yawancin waɗannan mutane ba su cikin littafin tarihin da aka koya mana a makaranta. Amma yau, bayan shekaru masu yawa, yaron da bai san sunan gwamnan jiharsu na farko ba ya san sunan mai tuwo da direba, saboda Shata ya ambace su.

Wannan shi ne babban abin da nake ganin ya yi. Ya sa talaka mai sana'a ya ji cewa shi ma ya isa a yi mashi waƙa, da ganga iri ɗaya da murya iri ɗaya da aka yi wa sarki. A ƙasar da aka tsara mutane hawa-hawa, kowa da inda zai cire takalmi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bai kuma tsaya ga mutane ba. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojoji waƙoƙin ƙarfafa gwiwa. Ya yi waƙoƙin noma da na wayar da kai. Ya yi waƙar Dajin Rugu, dajin da yau in an ambace shi sai gabanmu ya faɗi. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya kai labarin ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. Ya kuma yi yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. In kana son sanin abin da Bahaushe ke ci, yake hawa, yake tsoro, yake dariya a kai daga zamanin En'e zuwa zamanin soja, to ka tara waƙoƙin Shata ka saurara.

Rediyo, faifai da kaset

Sa'ar da ya yi ita ce tasowarsa ta zo daidai da na'ura. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 yana kaiwa nesa ƙwarai, har Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi. Duk inda Bahaushe yake zaune a zango, ya murɗa akwatin rediyo ya ji kalangun gida. Sannan ga faifan garmaho. Abin da zai ba ƙanena mamaki shi ne kamfanin EMI, wanda ya fitar da waƙoƙin Beatles a Ingila, reshensa na Najeriya ya buga faya-fayan Shata. A situdiyon wannan kamfani na Legas ne ma Paul McCartney ya zo ya yi aikin faifansa Band on the Run a 1973. Ashe dai ba nisa ne sosai tsakaninsu ba.

Daga nan sai kaset ya zo, shi ne ya gama komai. Kowace tasha da mai sayar da kaset, kowace motar haya da rikoda. Direban da zai kwana a hanya daga Katsina zuwa Legas, Shata ne abokin hirarsa da ke hana shi gyangyaɗi. Masu shayi, teloli, makanikai, 'yan tireda, duk shi ne. Shi kansa kuma bai zauna ba. Ya zaga ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa suke, ya je Ingila, ya je Amurka.

Waƙoƙin Beatles an ƙirga su tsaf, ɗari biyu ne da 'yan kai. Na Shata kuwa, shi kansa bai san adadinsu ba, don da yawa a fili aka yi su, iska ta tafi da su.

Inda ake saɓani da shi

Ba zan yi maku kwalliya ba, Shata mutum ne mai kaifi biyu. Bakin da ke ɗaga mutum sama shi ne ke iya kayar da shi. Zambonsa abin tsoro ne. Gagarabadau kaɗai ta isa misali, waƙar da har gobe ake gardama a majalisu a kan wanda aka yi wa ita. Akwai manya da yawa da suka yi mashi kyauta don ƙauna, akwai kuma waɗanda suka yi don neman tsari da harshensa. Ya yi takun-saƙa da wasu mawaƙan zamaninsa, ya kuma yi zumunci da wasu, irin su Ɗanmaraya Jos.

Sai kuma waƙarsa ta mashaya, wadda ta jawo mashi suka daga malamai, da waƙoƙin da ya yi wa 'yan bori da mata masu zaman kansu. A gidanmu ma wannan ta raba kai. Kakana masoyin Shata ne na gani-kashe-ni. Mahaifiyata kuwa ba ta yarda a sa wasu kasusuwansa in yara na kusa. Da na girma na fahimci duka biyun. Mutumin ya rera rayuwa ne yadda ya same ta, da masallacinta da barikinta. Kana iya ƙin wasu waƙoƙin, kuma kana da hujja. Amma ba ka iya cewa ya yi maka ƙarya a kan yadda zamaninsa yake.

Siyasa, digiri da rasuwa

Ya taɓa siyasa da kansa. A shekarun 1970 ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. A jamhuriya ta biyu ya yi GNPP, a ta uku kuma ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa, kujerar da bai daɗe a kai ba, don mutumin da ya saba faɗin abin da ke ransa da wuya ya zauna lafiya da manyan jam'iyya.

Ilimin boko da bai yi ba sai ga shi ya biyo shi har gida. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka, kuma a kan Shata ya yi binciken. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan ya zama Dokta Mamman Shata. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar MON. Ku dubi ikon Allah, yaron da uba ya hana waƙa don gudun abin kunya, ga shi da hular jami'a.

A ƙarshen rayuwarsa ya sha jinya, har an kai shi Jidda. Allah ya karɓi abinsa ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a asibitin koyarwa na Aminu Kano, makonni uku bayan soja sun miƙa mulki. Aka kai shi Daura aka rufe shi, garin ubangidansa Sarki Bashar. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah. Duk wanda ya samu kwafi ya riƙe shi da kyau.

Akwatin kakana

Yanzu bari in gaya maku abin da ya fi damuna, wanda kuma a nan ƙanena yake da 'yar gaskiya.

Kakana yana da wani akwatin ƙarfe cike da kaset, yawanci na Shata. Wasu na kasuwa ne. Amma akwai guda biyu da ya fi ji da su, waɗanda shi da kansa ya ɗauka da rikodarsa a wani biki da aka yi nan cikin birni tun kafin a haife ni. A cikin ɗaya, Shata ya ambaci sunan wani amininsa, tela ne, wanda ya miƙa 'yar kyautarsa a fili. Duk bayan sallar isha'i in tsohon ya ji nishaɗi sai ya sa kaset ɗin, in an zo daidai wurin ya ɗaga yatsa kowa ya yi shiru. Ana jin hayaniyar mutane, ana jin guɗa, ana jin sanƙira. Telan ya daɗe da rasuwa, amma a cikin kaset ɗin yana nan a tsaye.

Da kakana ya rasu aka tura akwatin ƙarƙashin gado a wani ɗakin ƙasa. Na sha cewa zan kai a juye mani su a memori. Yau, gobe, jibi. Damina ta zo, rufin ya yi yoyo, babu wanda ya lura. Ranar da na buɗe akwatin, zaren ya manne, ya yi fumfuna, gara ta cinye takardun. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ya juya su ya girgiza kai. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne. Wannan dare na waƙa babu shi a rediyo, babu shi a YouTube, babu shi a ko'ina. Ya tafi.

To ku kwatanta. Fim ɗin da ƙanena ke kallo an haɗa shi ne daga hotunan da aka ɗauka a 1969, aka adana su fiye da shekara hamsin ba abin da ya taɓa su. Sun san ranar da aka ɗauki kowace waƙa da wanda ya buga kowace ganga. Mu kuwa, a cikin masu cewa suna son Shata, mutum nawa ne zai iya kawo sunan mai kalangu ɗaya ko ɗan amshi ɗaya daga cikin waɗanda suka yi shekaru suna tsaye a bayansa? Ƙanena ya haddace Turawa huɗu. Ba baiwa suka fi mu ba, adana suka fi mu.

Abin da ya bar mana

A daidai lokacin da Shata ya kwanta dama, fiyano ke karɓe kasuwa. Finafinan Hausa na bidiyo, da suka faro da Turmin Danya a 1990, sun fara cika da waƙoƙin soyayya, kuma fim ɗin Sangaya da ya fito a wannan tsakanin ya nuna inda aka dosa. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya ya maye gurbin tawaga guda. Mutane da yawa suka ce kalangu ya mutu.

Amma ku saurara da kyau. Mawaƙin da ake gayyata biki yau, ya riƙe makirufo yana kiran sunan amarya da ango da iyayen biki ana mashi liƙi, hanyar wa ya bi? Mawaƙin siyasa da ke yabon ɗan takara ya juya ya yi wa abokin hamayya zambo, irin abin da Rarara ya yi suna a kai, shi ma ɗan jihar nan, daga ina salon ya fito? Masu waƙar sarauta irin su Naziru da Aminu Ala, da yadda suke kafa amshi su zuba ɗiya a kai, duk gini ne a kan harsashin su Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa. Har sautin kalangun ma yana nan, an dai cusa shi a cikin fiyano ne. 'Yan hip-hop ɗinmu da ke alfahari da iya zubo kalmomi nan take ba tare da rubutu ba, su je su ji tsohon da ya yi shekara hamsin yana yin haka kowane dare.

Sannan maganganunsa sun shige cikin harshe. Akwai kalmomi da salon magana da muke amfani da su a hira, a tasha, a Facebook, ba mu ma san daga bakinsa suka yaɗu ba. A ganina wannan shi ne ƙarshen tasiri, mutum ya narke a cikin maganar jama'arsa har a manta da shi aka fara ji.

Daren da muka yi gardamar nan, na karɓi wayar ƙanena na nemo mashi Bakandamiya. Na ce kada ya bi muryar tukuna, ya bi kalangun kawai, ya ji yadda suke jiran tsohon, suna tare shi, suna ba shi hanya. Ya sa abin ji a kunne ya yi shiru. Bai ce na yi gaskiya ba, kun san halin ƙanne. Amma washegari da safe na ji ta tana tashi daga ɗakinsa.

Roƙona gare ku guda ɗaya ne. In akwai tsohon kaset ko faifai a gidanku, na Shata ne, na Ɗanƙwairo, na Barmani Choge, na Ɗan Anace, na Haruna Uji, ko na wani makaɗin ƙauyenku da ba wanda ya sani, kada ku yi irin tawa. Ku fito da shi a makon nan, ku kai a juye. In akwai dattijon da ya halarci wasan Shata da idonsa, ku zauna da shi ku kunna rikodar waya, ku tambaye shi wane ne ke riƙe da kalangu a ranar. Hasumiyar Gobarau da ƙasa aka gina ta, kuma ta kai ɗaruruwan shekaru a tsaye ne don kowane zamani ana samun masu yi mata yaɓe.

Allah ya jiƙan Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina, da makaɗansa da 'yan amshinsa da suka riga mu gidan gaskiya, ya yafe masu kurakuransu. Ya jiƙan kakana da amininsa tela. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.